Pak Tarmuji da Wuƙar Mai Unguwa

Ranar da Pak Tarmuji ya ajiye aikin yankan tikiti a tashar jirgin ƙasa, bayan shekara talatin da ɗaya, bai zarce gida ba. A rumfar shayina ya tsaya. Ya ɗora agogon bangon da aka ba shi na sallama a kan benci, ya ce in haɗa masa mai kauri, sannan ya sanar da mu cewa daga yau shi masanin keris ne, wato wuƙar gado ta mutanen Jawa.

Kang Jumari, mai tuƙa keken fasinja, ya ɗago kai daga kan soyayyen rogonsa. Ya ce, "Tun yaushe, Pak?"

"Tun ina ciki. Lokaci ne ban samu ba."

A nan birnin Solo kowane gida da wuƙar gadonsa, ko da kuwa a ƙasan akwati take ta yi tsatsa. Samunta ba wuya. Wuyar ita ce a dubi ƙarfen a ce daga wace ƙasa ya fito, kuma a zamanin wace masarauta aka ƙera shi. A unguwarmu mutum ɗaya ne ke wannan aikin, Mbah Rekso, wani tsoho da ke wankin keris a bayan masallaci tun kafin a haife ni. Idan aka kai masa wuƙa sai ya yi awa guda yana juya ta a hasken rana, ya auna ta a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara, daga ƙarshe ya ce, "Wataƙila Mataram. Wataƙila kuma bayan nan kaɗan."

Wannan "wataƙila" ita ce ke ci wa Pak Tarmuji rai.

Ya ce, "Shekara hamsin mutum yana wataƙila! Ni a tasha da na ce wa fasinja wataƙila jirgin Semarang ne, da tuni an kore ni. Ku ba ni wata uku. Idan watan Suro na sabuwar shekara ya kama, aka fito da wuƙar mai unguwa za a wanke, ni zan faɗi asalinta a gaban jama'a. Kuma zan faɗa da shekara."

Kayan aikinsa biyu ne. Akwai gilashin ƙara girma da yake duba tikitin jabu da shi, akwai kuma wani littafi da ya saya a kasuwar tsofaffin kaya, wanda gara ta cinye gabansa da bayansa, ta bar babi ɗaya tak a tsakiya, babin tsohuwar masarautar Majapahit. Ya karance shi sau huɗu. Ya sa aka rubuta masa allo ya kafa a ƙofar gida. Matarsa, Bu Warsinem, ta fito ta karanta allon, ta kira shi yadda mata ke kiran maigida a nan, ta ce, "Pakne, wuƙar yankan albasata fa wata biyu ina cewa ka wasa min."

"Bune, wannan ƙaramin aiki ne."

"Shi ya sa na ba ka."

Mutumin farko da ya zo wani malamin makaranta ne da ya tsinci keris a bayan kabad ɗin ofishinsu. A rumfata suka haɗu, don Pak Tarmuji ya ce ilimi ba a ɓoye shi a ɗaki. Ya ɗaga wuƙar zuwa goshi kamar yadda ake yi, ya zare kube a hankali, ya kafa gilashi. Ya ƙirga lanƙwasar ƙarfen da yatsa.

"Lanƙwasa goma sha biyu."

Kang Ngadiyo, maƙerin da ke ƙera mana fartanya da lauje, yana gefe yana fifita shayinsa. Ya ce, "Pak, ai ba ta zuwa da cika. Ko sha ɗaya, ko sha uku."

"Ita wannan ta zo da cika. Nan ne take nuna maka ba ta gama-gari ba ce." Ya rufe ido ya shinshina ƙarfen. "Majapahit. Gabashin Jawa. Maƙerin fada ne, kuma da damina ya yi ta. Ina jin ƙanshin ruwan sama."

Malamin makaranta ya matso kusa. Kang Ngadiyo ya miƙo hannu ya karɓa, ya juya ta sau ɗaya.

"Da damina kam na yi ta. Shekara shida ke nan, da 'yan makaranta za su yi wasan kwaikwayo. Ga ma inda gudumata ta goce."

Pak Tarmuji ya ce, "Da wane ƙarfe?"

"Sifirin motar ɗaukar yashi."

Pak Tarmuji ya gyaɗa kai kamar wanda aka tabbatar wa magana. "To, ka ji. Kai ka san inda masu motar suka samo ƙarfen?"

"A'a."

"Ka gani."

Ya shanye shayinsa ya tafi. Malamin makaranta ya zauna yana kallon wuƙar, bai san ko ya yi murna ba.

Bayan kwana kaɗan Pak Tarmuji ya dawo da sabuwar hanya. Ya ce ido yana ruɗi, hanci ma mura na iya kama shi, amma harshe ba ya ƙarya. Ƙarfen Pajajaran na yamma da ɗan maiƙo yake, na Tuban gishiri-gishiri saboda teku, na Madura kuwa yana kartar harshe. Inda ya samo wannan, Allah masani, don babinsa bai kai can ba. Ranar kuwa wani baƙo ya tsaya shan shayi, ɗauke da keris ɗin da ya karɓo daga hannun Mbah Rekso, ƙarfen ya yi baƙi wuluk, zanen jikinsa ya fito fari tas. Kowa a wurin ya san abin da ke fito da zanen haka: ruwan lemon tsami da garin guba ne ake shafawa.

Baƙon ya ce, "Pak, jiya-jiya aka shafa mata..."

"Kada ka faɗa min komai. Kada ka gurɓata min hukunci."

Ya lashi ƙarfen daga gindi har tsini. Ya tauna miyau. Ya sake lasar ɗaya gefen don adalci.

"Majapahit," in ji shi.

Kwana uku ba mu gan shi ba, sai dai mu ji shi, don bayan gidansu yana jingine da katangar rumfata. Bu Warsinem ta dinga ɗura masa ruwan ɗanyar kwakwa, ta kai shi wajen malamin asibiti a keken Kang Jumari. Da ya fito, leɓensa ya kumbura kamar an manna masa ayaba. Na tambaye shi jiki.

Ya ce, da ƙyar ake gane maganar, "Wuƙa ce mai ƙarfi. Da wani ne ya lasa, da tuni an yi sadakar uku."

Bu Warsinem da ke bayansa ta ce, "Wani ba zai lasa ba."

Duk da haka Kang Jumari ya kawo masa wuƙar mahaifinsa. Kada ku ga laifinsa. Layin Mbah Rekso ya yi tsawo saboda Suro ya matso, ga tsatsa ta rufe wuƙar har ba a ganin komai, ga shi Pak Tarmuji ya yi alkawarin gamawa cikin kwana biyu. Jiƙa ƙarfe a tsohon ruwan kwakwa kuwa sati yake ci, wani lokacin biyu. Da Pak Tarmuji ya jiƙa ta, ya leƙa washegari ya ga tsatsar tana nan, sai ya je wajen mai gyaran babur ya samo ruwan batir, ya tuttula a kai don ya taimaka wa kwakwar. Ya rufe da faranti. Sai aka yi rasuwa a danginsu a Klaten, ya tafi ya kwana huɗu.

Ina wurin da aka buɗe farantin. Abin da Pak Tarmuji ya tsamo bai fi tsinken tsire kauri ba, ga huji-huji kamar ganyen da tsutsa ta ci.

Kang Jumari ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ina sauran?"

"Sauran tsatsa ce, Kang. Wannan ita ce ainihin wuƙar. Dubi sirantarta! Dubi rashin nauyi! Littafi ya ce ƙirar Majapahit siririya ce marar nauyi. Shekara nawa gidanku na riƙe da dukiya ba ku sani ba?"

"Da faɗin yatsa uku na kawo ta."

"Ɓoye kanta ta yi."

Kang Jumari mutum ne mai haƙuri, shekara ashirin yana tura masu ƙiba a hawan gada bai taɓa zagin kowa ba. Ya naɗe tsinken a ƙyalle, ya sa a aljihu, ya hau kekensa. Sai da ya juya kan keken ne muka gane nufinsa. Pak Tarmuji ya kwashi zaninsa, irin wanda maza ke ɗaurawa a nan, ya shiga lungu, keke na bin sa yana kaɗa ƙararrawa. Sau biyu suka zagaya unguwa. Mata suka fito bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ba don lungun masu wanki ya yi wa keken ƙunci ba, da labarin nan a nan zai ƙare.

Za ku ce bayan wannan babu mai sake kiran sa. Amma mai unguwa, Pak Sudibyo, yana da damuwarsa. Shekara goma sha ɗaya yana kai wa Mbah Rekso wuƙar kakansa, shekara goma sha ɗaya ana ce masa, "Wataƙila ƙarshen Mataram. Aikin kirki ne, na maƙerin ƙauye." Wannan "ƙauye" ta tsaya masa a wuya. Bana kuma surukansa na Yogya za su zo, mutanen da ko tari za su yi sai sun ambaci kakansu na fada. Ya ji an ce akwai mutumin da komai ya taɓa sai ya zama Majapahit. Ya aika a kira shi.

Ranar ta zo. Da hantsi zauren mai unguwa ya cika, maza a tabarma, baƙin Yogya a kujeru, ga babban kwano na ruwan furanni a tsakiya, ga turaren wuta. Mbah Rekso ya samu wuri can kusa da ginshiƙi ya zauna. Pak Tarmuji ya iso cikin baƙar riga ta biki da hular naɗi, ya rataya gilashinsa a wuya da igiya.

Mai unguwa ma ya sha kayan gargajiya. Bu Tentrem, mai yi wa amare da angwaye kwalliya, ita ta shirya shi da safe, ta soka masa keris na ado a ɗamara ta baya, irin wanda take ba angwaye haya. Abin yana tokare masa ƙugu in ya zauna, don haka ya zare shi ya ajiye a kan tebur, kusa da matashin da aka tanada. Ya ce wa jama'a su yi masa haƙuri, ya shiga ciki don ya ɗauko wuƙar kakansa.

Pak Tarmuji bai ga lokacin da aka ajiye ba, yana can yana gaisa da baƙi. Ya juyo ya ga keris a kan tebur, kube na sheƙi. Ya durƙusa, ya ɗauka da hannu biyu, ya kai goshi.

Ya ce, "Jama'a, masu ƙaramin sani sai sun zare kube suke gani. Ni ba zan tona mata asiri a gaban mutane ba. Daga nauyi kawai zan faɗa muku."

Kowa a zauren ya ga abin da ya faru. Amma mu nan ba a katse babba yana magana, balle a gaban baƙi. Muka sunkuyar da kai.

"Ba ta da nauyi ko kaɗan. Kamar babu komai a ciki. Wannan ita ce alama ta farko." Ya girgiza ta kusa da kunne, wani abu ya yi ƙwal-ƙwal. "Kun ji? Ƙarfen da ya faɗo daga sama ne kaɗai ke wannan kukan. Majapahit ce, ta tsakiyar zamani. Lanƙwasa goma sha uku. Maƙerin ya yi azumin kwana arba'in kafin ya hura wuta, kuma bahago ne."

Nan mai unguwa ya fito, rungume da wuƙar kakansa a cikin jan ƙyalle. Ya tsaya cak. Ya yi gyaran murya.

Pak Tarmuji ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba. "A yi haƙuri, ana aiki. Wannan wuƙa ta sha jini. Mutum bakwai, ɗaya a kan doki. Duk gidan da take ciki, jinin sarauta ne, ko sun sani ko ba su sani ba."

Babban baƙon Yogya, wani dattijo mai farin gashin baki, ya dubi mai unguwa, ya dubi jan ƙyallen, ya ɗauki shayinsa ya kurɓa a hankali. Mai unguwa ya sake gyaran murya har sau biyu. Zufa ta fara bin wuyan rigarsa.

Da haka za a yi ta tafiya har azahar, sai ga Bu Tentrem ta shigo da sauri, allurai a maƙale a gaban rigarta. Ita aikinta bai bar mata lokacin kunya ba.

"Pak Sudibyo, ku gafarce ni, ango na can yana jira, ƙarfe sha ɗaya za a fita da shi. Ina wuƙata? Au, ga ta. Pak Tarmuji, kawo."

"Bu, ki ja da baya. Mace ba ta taɓa irin wannan."

"Irin wanne? Guda takwas gare ni a kwando."

Ta kama kube, shi ya riƙe ƙota. Ta ja, ya ja. Kuben ya tafi da ita, ƙotar ta zauna a hannunsa. A jikin ƙotar akwai wani ɗan falle mai tsawon yatsa, an yanko shi da almakashi daga gwangwanin biskit, don kawai ƙotar ta samu abin da za ta riƙe kube da shi. Fentin ja da rawaya ma bai goge ba.

Har daga zauren ana jin tafasar ruwan shayi a madafa.

Pak Tarmuji ya ɗauko gilashinsa ya kafa. Ya daɗe yana dubawa.

"Akwai rubutu," in ji shi. "Rubutun mutanen da."

Mbah Rekso ya taso daga gindin ginshiƙi, ya matso da idonsa. Ya karanta a hankali, da muryar da yake karanta addu'a: "A ajiye a wurin da babu danshi."

"Kun ji ko!" in ji Pak Tarmuji. "Wasiyyar maƙeri ke nan. Danshi ne ke kawo tsatsa."

Kang Ngadiyo ne ya fara dariya, ya cusa fuska a hula kafaɗunsa na rawa. Daga nan abin ya bi sahu-sahu har ya kai ga matan da ke leƙe ta taga, su kuwa ba su ɓoye ba. Bu Tentrem ta fizge ƙotarta ta mayar a kube ta fice tana cewa ango zai yi latti saboda mutum bakwai da doki.

Mai unguwa ya ga in bai yi wani abu ba, ranar ta lalace. Ya matso ya buɗe jan ƙyalle, ya miƙa wa Pak Tarmuji ta gaskiyar, yana yi masa wani kallo na roƙo. Kalma ɗaya yake so, kalmar da mutumin nan ke rabawa kyauta wata uku.

Sai dai Pak Tarmuji ya ƙudura ba za a sake kama shi ba. Ya zare, ya dube ta sama da ƙasa, ya taɓe baki.

"Wannan kam ba za ku ruɗe ni ba. Jabu ce. Ta 'yan yawon buɗe ido. Ba ta kai shekara biyu ba, kuma wanda ya saya an cuce shi."

Dattijon Yogya ya ajiye kofinsa. Fuskar mai unguwa ta koma kalar ƙyallen da ke hannunsa. Daga cikin gida muka ji muryar mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, tana tambaya wane ne wannan, a riƙe mata shi tana zuwa.

Pak Tarmuji ya ajiye wuƙar a kan matashi, ya fara ja da baya yana sunkuyawa, don ba a juya wa manya baya. Taku na huɗu ya sa ƙafa a kwanon ruwan furanni. Kwanon ya tafi, shi ma ya tafi. Ya miƙe da furanni a hula, zani ya jiƙe ya kwance, ya tattare shi a ƙirji da hannu ɗaya, ya yi wa baƙi sallama da ɗayan. Bu Warsinem tana jiran sa a bakin ƙofa da lema. Ta buɗe lemar ta kare shi ta ɓangaren da mutane suka fi yawa.

A ciki kuwa Mbah Rekso ya ɗauki wuƙar ya fita da ita hasken rana. Ya juya, ya auna, ya ƙwanƙwasa da farce. Kowa ya jira. Ya ce, "Wataƙila ƙarshen Mataram. Aikin kirki ne, na maƙerin ƙauye." Mai unguwa ya kama hannunsa da hannu biyu ya sumbata, har da ƙwalla. Dattijon Yogya ya ce lallai aikin kirki ne, aka kawo shinkafa.

Sati biyu Pak Tarmuji bai fito ba. A na uku sai muka ga mutane sun fara shiga gidansa da wuƙaƙe a naɗe, fiye ma da da. Suna fitowa kuma sai su miƙe bayan masallaci. Na kasa haƙuri, na tare Mbah Rekso ranar Juma'a na tambaye shi.

Ya ce, "Ni nake tura su. Zamunan nan suna da yawa, ido kuma ya tsufa. Idan ya ce Majapahit, na san ba ita ba ce. In ya ce sabuwa ce, sai in gyara zama, don na san tsohuwa ce. Yana rage min rabin aiki."

Yanzu kullum da hantsi Pak Tarmuji yana rumfata, gilashi a wuya. Duk baƙon da ya zauna sai ya ji cewa a duk faɗin unguwar nan Mbah Rekso ba ya yanke hukunci a kan wuƙa sai ya fara jin abin da Tarmuji ya ce. Baƙon yakan dube mu don ya tabbatar. Mu kuwa sai mu gyaɗa kai, har da Kang Jumari, don maganar gaskiya ce.